Gudu a dazukan sarakunan Faransa, daga Fontainebleau zuwa Compiègne

Jama'a da yawa in sun ga hotunan da nake sakawa ranar Lahadi sai su riƙa tambaya wai ina nake samun wannan uban daji alhali a Paris nake zaune, wasu ma gani suke sai mai mota ko mai hannu da shuni ke zuwa irin wuraren nan. To ba haka ba ne wallahi. Jirgin ƙasa ne kawai da takalmin gudu da gorar ruwa, cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka ka bar hayaniyar birni ka shiga inda ba ka jin komai sai tsuntsaye da numfashinka. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin a wuri ɗaya don 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata da ke nan, da ma wanda zai zo ziyara ya ga yana son ya motsa jini a wani wuri da ba gefen titi ba.

Abin da ya kamata mutum ya fara ganewa shi ne dazukan da ke kewaye da Paris ba dajin Allah ba ne irin wanda ba mai shi. Na sarakuna ne tun asali, kuma don farauta aka tsara su. Sarakunan Faransa mutane ne masu bala'in son farautar barewa a kan doki da karnuka, don haka suka sa aka tsaga musu hanyoyi a miƙe sambal cikin itatuwa, hanyoyin su haɗu a wata mararraba kamar tauraro ta yadda sarki ko matan fada da ke cikin keken doki za su tsaya a tsakiya su hango ta inda barewar ta ɓulla. Sarautar ta tafi, hanyoyin suna nan, yanzu hukumar gandun daji ta ƙasa wato ONF ke kula da su, kuma shiga kyauta ne. Mu masu gudu mu muka ci ribar abin, don hanya ce mai faɗi, ƙasa ce ba kwalta ba gwiwa ba ta shan wuya, ga inuwa, kowace mararraba da sunanta.

Zan fara da Fontainebleau tunda shi kowa ya fi ji. Yana kudu maso gabas da Paris wajen kilomita 60, kana shiga jirgin layin R a tashar Gare de Lyon cikin minti 40 kana Fontainebleau-Avon, kuma in kana da katin Navigo na wata, wato katin shiga jirgi da bas na yankin Paris, ba sai ka sake sayen tikiti ba. Dajin ya haura hekta 20,000. Amma ba girman ne abin mamaki ba, ƙasar ce. Rairayi ne fari tas da manyan duwatsu a warwatse, wai teku ne ya taɓa rufe yankin shekaru wajen miliyan 30 da suka wuce ya bar wannan yashi, kuma tsabar kyansa har gilashi ake yi da shi, gilashin dalar nan da ke gaban gidan tarihi na Louvre ma da shi aka yi. Duk wanda ya taɓa taka tudun rairayi a wajen Damagaram ko Gure ya san yadda ƙafa ke nutsewa kana tafiya kamar ana jan ka baya, to akwai wurare a Fontainebleau da haka suke sak, sai dai su a tsakiyar itatuwa suke ga sanyi.

Akwai wani bawan Allah da duk mai gudu a dajin nan ya ci albarkacinsa ko ya sani ko bai sani ba, sunansa Claude-François Denecourt. Tsohon sojan Napoleon ne da ya ƙare a garin, ya kamu da son dajin ya riƙa yawo a ciki, daga 1842 ya fara fitar da ƙananan hanyoyin ƙafa yana shafa shuɗin fenti a jikin duwatsu da itatuwa don kar baƙi su ɓace, yana kuma buga ɗan littafin jagora yana sayarwa. Ana lissafa hanyoyinsa cikin na farko a duniya da aka yi wa alama don masu yawon ƙafa. Har yau shuɗin fentin yana nan ana sabunta shi. Daga tasha ba nisa za ka iya hawa zuwa wata 'yar hasumiya da ya gina a 1851 mai ɗauke da sunansa, in ka hau sama ka ga daji iya ganinka. Sai dai fa hanyoyin Denecourt ba don sauri aka yi su ba, mutumin so yake ya nuna maka kowane dutse da kowane kogo, sai ya bi da kai ta wani matsi tsakanin duwatsu biyu da sai ka karkace kafin ka wuce, ya sauko da kai ya sake hawa da kai ba gaira ba dalili. In kai mai kallon agogo ne kana lissafin minti nawa ka ci kilomita to ranka zai ɓaci. Ni kam ina son su haka.

Wanda ke son gudu lami lafiya ba hawa ba gangara sai ya nufi fadar kanta. A bayanta akwai wani dogon tafki da aka haƙa zamanin sarki Henri na 4, tsawonsa mita 1,200, itatuwa sun yi layi hagu da dama, ka zagaya shi sau biyu ko uku ka ɗora da lambun. Fadar tana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1981, kuma a farfajiyar gabanta mai matattakalar nan da ta lanƙwasa gida biyu ne Napoleon ya yi bankwana da dakarunsa ranar 20 ga Afrilu 1814 bayan ya sauka daga mulki za a kai shi tsibirin Elba. Ni duk sanda na zo wurin a jiƙe da gumi sai in ga 'yan yawon buɗe ido sun sha kwalliya suna hoto suna kallona, ni ma in kalle su, kowa ya kama gabansa.

Sai kuma abin da ake ta kururutawa, wato zagayen tuddai 25 da ke ɓangaren Trois Pignons a yammacin dajin. Wajen kilomita 16 ne, alamarsa jan fenti, in ka haɗa duk hawan da ke ciki ya haura mita 800 alhali ba wani tudu mai tsawon kirki a wurin, hawa ne da sauka ba hutu. Masu hawan manyan duwatsu ne suka fitar da shi don su riƙa atisaye kafin su tafi tsaunukan Alps. Tsakani da Allah wannan ba gudu ba ne, rarrafe ne da tsalle da dafa dutse da hannu, masu tafiya a ƙafa kan kwashe awa 6 ko 7 a kai. Duk mai shirin gasar gudun tsauni a Paris can yake zuwa don ba shi da wani wurin, ranar Lahadi in rana ta fito har layi ake yi a wasu matsatsun. Ga shi jirgi ba ya kaiwa can sai ka samu mai mota. Shawarata kar sabon shiga ya fara da shi, kuma kar a je in an yi ruwa, dutsen nan santsi yake yi ba kaɗan ba. Gara mutum ya fara da kwazazzaban Franchard ko na Apremont, daga Apremont ma ka gangara ƙauyen Barbizon inda masu zane irin su Millet da Théodore Rousseau suka zauna, su ne ma suka yi ta ƙorafi kan sare itatuwa har aka keɓe wani yanki na dajin a 1861 aka hana taɓa shi.

Amma in za a tambaye ni wanda na fi so, Compiègne ne, kuma ba na jin kunyar faɗa ko da 'yan Fontainebleau za su yi min ca. Yana arewa da Paris a jihar Oise, daga Gare du Nord ake shiga jirgi, tafiyar ba ta wuce awa ɗaya ba, sai dai shi katin Navigo ba ya kaiwa can dole ka yanki tikiti. Kana fitowa tasha ka tsallaka gadar kogin Oise ka ratsa gari, a nan garin ne aka kama Jeanne d'Arc, budurwar da ta jagoranci sojojin Faransa a yaƙi da Ingila, a watan Mayu na 1430, gunkinta na tsaye gaban ofishin magajin gari, ka wuce fada ka shiga lambu sai kawai ka ga wata shimfiɗeɗɗiyar hanya ta buɗe a gabanka ciyawa kore shar, faɗinta mita 60 tsawonta wajen kilomita 4, ta miƙe har kan wani tudu. Sunanta Beaux-Monts, Napoleon ne ya sa aka tsaga ta a 1810 saboda amaryarsa Marie-Louise. Daga ƙasa sai ka ga kamar tudun na nan kusa, kana gudu yana matsawa, ƙarshen nan kuwa hawa ne mai fitar da harshe. In ka kai sama ka juyo ka hango fadar can ƙasa 'yar mitsitsiya, to a nan ne za ka yafe wa Napoleon.

Dajin ya haura hekta 14,000 kuma a nan ne tsarin farautar nan ya fi fitowa fili. Akwai wata mararraba Puits du Roi da hanyoyi takwas suka haɗu tun zamanin François na 1, waɗanda suka biyo bayansa suka yi ta ƙarawa har dajin ya zama kamar an zana shi da rula. Matsalar ita ce duk hanyoyin kama ɗaya suke, shi ya sa a kowace mararraba akwai farin turke dogo da allunan da ke nuna sunan kowace hanya, a jikinsa kuma akwai ɗan jan fenti da ke nuna ɓangaren da garin Compiègne yake. Ana cewa matar Napoleon na 3, Eugénie, ita ta taɓa ɓacewa da yamma shi ne aka ƙara wannan alama. Ko ma dai yaya aka yi, in cajin wayarka ya mutu jan fentin nan zai mai da kai gari.

Wajen kilomita 6 gabas da gari akwai wani fili a tsakiyar itatuwa kusa da ƙauyen Rethondes, nan ne a cikin taragon jirgin ƙasa na Marshal Foch, babban kwamandan sojojin Faransa da ƙawayenta, aka sa hannu kan tsagaita wutar da ta kawo ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, da asubahin 11 ga Nuwamba 1918, ta fara aiki ƙarfe 11 na safe. Da Jamus ta ci Faransa a 1940 Hitler ya ce sai dai a fito da wannan tarago daga inda aka adana shi a mai da shi daidai inda yake a da, a ciki Faransawa suka sa hannun miƙa wuya ranar 22 ga Yuni. Daga nan Jamusawa suka tafi da taragon Berlin suka rushe wurin, suka bar gunkin Foch shi kaɗai yana kallon kango, taragon kuma ya ƙone a Jamus a 1945, wanda ke cikin gidan tarihin yanzu ɗan'uwansa ne ƙirarsu ɗaya. Ni in na zo nan ba na iya wucewa a guje, tafiya nake yi. Yaƙoƙin nan biyu ba na Turawa kaɗai ba ne, an kwaso samari daga ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka, har da ƙasarmu Nijar, aka sa musu kaki aka kawo su cikin wannan sanyi, kuma a wannan jiha ta Oise ɗin a watan Yunin 1940 sojojin Jamus sun harbe baƙaƙen sojojin da suka kama a wani kurmi da ake kira Eraine. 'Yan makaranta da ake kawowa filin nan a bas ban san ko ana gaya musu wannan ɓangaren ba, amma mu ya kamata mu riƙe shi.

Mai dogon numfashi kuma sai ya yi Pierrefonds, wajen kilomita 14 daga Compiègne, akwai hanyar keke da ta ratsa dajin in ba ka son laka. In ka ɗan karkata za ka bi ta tafkunan Saint-Pierre, waɗanda malaman coci masu zaman zuhudu suka haƙa tun da can don kiwon kifi, yanzu masu kamun kifi da ƙugiya ne ke zaune a bakinsu tun safe ba mai ce wa wani uffan. Sai kana fitowa daga itatuwa kwatsam ka ga wani ƙaton gidan sarauta mai hasumiyoyi a kan tudu da ɗan tafki a gindinsa. Louis na Orléans ne ya gina shi a ƙarshen ƙarni na 14, aka rushe shi a 1617 da umarnin Louis na 13, ya zauna kufai sama da shekara 200 kafin Napoleon na 3 ya ba masanin gine-gine Viollet-le-Duc aikin sake gina shi a 1857. Masana tarihi na gunaguni wai mutumin ya gina abin da ke kansa ne ba abin da yake a da ba, to su ta shafa, ni bayan gudun kilomita 14 kyansa kawai nake gani. Abin lura dai shi ne komawa, Pierrefonds ba jirgi, motocin ƙauye kuma ranar Lahadi ba su da yawa, ka duba lokacin bas tun daga gida in ba haka ba ƙafar da ta kawo ka ita za ta mai da kai.

Akwai wasu dazukan biyu, Rambouillet da Chantilly, su a taƙaice. Rambouillet daga tashar Montparnasse ake zuwa, Navigo na aiki, dajin shafe yake kuma ruwa ya fi yawa, akwai jerin tafkunan Hollande da aka haƙa zamanin Louis na 14 don kawai a tara ruwan da zai riƙa tsartuwa a lambun Versailles, ka ji sarauta. A fadar garin aka yi taron farko na ƙasashe shida masu ƙarfin arziki a 1975, wanda ya zama G7 daga baya, kuma akwai gidan kiwon tumaki da Louis na 16 ya kawo wa tumakin Merino daga Sifaniya a 1786, jikokinsu na nan har yau, mai sha'awar kiwo ya leƙa. Da hunturu dai laka ce har idon sawu. Chantilly kuma garin dawakin sukuwa ne, wasu hanyoyin rairayi na dajin na atisayen dawaki ne da safe, kar ka kuskura ka hau kansu a lokacin, doki a guje ba ya san birki. Ka sauka a tashar Orry-la-Ville ka zagaya tafkunan Commelles, gajeren zagaye ne mai daɗi, wanda zan kai duk wanda bai taɓa gudu a daji ba.

Yanzu abubuwan da ba a gani a hoto. Na farko farauta ba ta mutu ba. Ta doki da karnuka tana gudana daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Maris, ta bindiga kuma da kaka da hunturu, za ka ga an kafa allo a bakin hanya cewa ana farauta, in ka gan shi ka juya kawai ba jarumta a ciki. ONF na saka kalandar ranakun a intanet, a duba kafin a fito, a kuma sa riga mai haske. Rigima ce babba a ƙasar ma, musamman a Compiègne tun da aka bi wata barewa har cikin lambun gidan mutane aka kashe ta a 2017, masu adawa ke bin mafarautan a ƙafa suna ɗaukar bidiyo. In ka ci karo da su kar ka sa baki, baƙo ba ruwansa da faɗan 'yan gida.

Na biyu kaska. Daga bazara zuwa kaka suna nan cikin dogayen ciyayi kuma suna ɗauke da cutar Lyme, in ka dawo gida ka duba jikinka da kyau, bayan gwiwa da hammata da ƙugu, kantin magani na sayar da ɗan abin cire ta da araha, in kuma ka ga jan zobe na faɗaɗa a inda ta cije ka sai likita. Aladen daji akwai su da yawa, galibi su ke gudun mutum, amma uwa mai 'ya'ya a ba ta hanya. Karnukan mutane ma a sake suke yawanci, in ɗaya ya nufo ka ka rage gudu mai shi zai kira shi, na san da yawanmu ba ma shiri da kare amma ihu da jifa ƙara jawo shi suke.

Alamun hanya ba wuya. Fari da ja a jere hanya ce doguwa ta ƙasa baki ɗaya da ake kira GR, rawaya gajeren zagaye ne na yini ɗaya, in ka ga an gicciye fentin kamar alamar sokewa to ba nan ba ne ka koma. Ka sauke taswirar IGN, wato hukumar zana taswira ta ƙasar, a waya tun kana gida don sabis na ɗaukewa a wasu wuraren, lambar gaggawa 112. Ruwa kuwa babu mai sayarwa a daji, abin da 'yan keke suka koya min shi ne kusan kowace maƙabartar ƙauye na da famfo a bakin ƙofa don masu ban ruwan furanni, sai dai ka duba ko an rubuta ba na sha ba ne, kuma da hunturu sukan rufe shi saboda ƙanƙara. Da shi nake alwala in azahar ta riske ni a hanya, wurin salla kuwa ba ya wuya, ka ɗan kauce daga hanya ka shimfiɗa rigar ruwanka. Gidan burodin ƙauye yawanci ranar Lahadi da rana ya rufe, kuma in za ka sayi burodi mai haɗi ka tambaya don mafi yawa da naman alade ne, ni dabino nake zubawa a aljihu in huta.

Lokaci ma abin lissafi ne. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas da rabi, biyar na yamma kuma duhu ya yi, cikin itatuwa ma kafin nan, don haka jirgin safe za ka kama. A Yuni har kusan goma na dare da haske, kana iya tashi daga aiki ka je ka yi awa ɗaya ka dawo. Wata mafi kyau a wurina Oktoba ne, ganye ya koma ja da rawaya ba zafi ba sanyi sosai, in ka yi sammako a farkon watan kana iya jin kukan mazan barewa daga nesa don lokacin barbararsu ne. Kuma duk wanda ka haɗu da shi a hanya ka ce masa bonjour, mutumin da a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris ko kallonka ba zai yi ba a daji shi zai riga ka gaisuwa.

Lahadi mai zuwa in Allah ya kai mu Compiègne za mu, daga fada zuwa saman Beaux-Monts mu dawo, wajen kilomita 10 in an haɗa da zuwa da komawa tasha, a hankali za a tafi ba tsere ba ne. Mai so ya zo da takalmin da ba ya tausayi don an yi ruwa kwanan nan.